Ku Tambaya Mu Amsa: Idan Aka Yi Kiciɓis da Abin Tsoro a Ƙarƙashin Bahar Maliya

Wasiƙun wannan watan kusan duka a kan nutso ne da tukunyar iska, yawancinsu daga 'yan'uwa mazauna Jidda da Makka da Yanbu. Malaman koyar da nutso da ma'aikatan ba da agajin gaggawa ne suka haɗu suka amsa. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ban daɗe da karɓar takardar nutso ta farko ba. A wajen Yanbu, muna kusan mita 18 a ƙasa, sai ga kifin shak ya gifta ta gabana. Gabana ya faɗi, na yunƙura zan yi sama, malaminmu ya cafke ni ta madaurin riga ya hana ni. Har yanzu ina jin haushinsa. Me ya sa zai riƙe ni a gaban abin da zai iya cinye ni? (Wani matashi daga Karantina, Jidda)

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka je ka yi wa malamin nan godiya, ka haɗa masa da shayi. Abin da ya hana ka yi ya fi kifin haɗari nesa ba kusa ba.

Ga dalili. Duk mita 10 da ka sauka, nauyin ruwan da ke danne ka yana ƙaruwa da ma'auni ɗaya da ake kira "ba", wato kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. A mita 10 kana ƙarƙashin ba 2, a mita 20 kuma kana ƙarƙashin ba 3. Iskar da ka shaƙa daga tukunya a can ƙasa matsattsiya ce, tana hawa tana kumbura. Wanda ya cika huhunsa a mita 20 ya harba sama bai fitar da numfashi ba, iskar za ta nemi ninka girmanta sau uku, huhu kuwa ba shi da wannan wurin. Sai ya yage, ƙwayoyin iska su shiga jini su wuce ƙwaƙwalwa. Mai firgici kuma abin da ya fara yi ke nan, ya datse numfashi. Ko tazarar mita ɗaya da rabi ta isa ta yi wannan ɓarnar idan huhu a cike yake. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sannan firgici yana shanye iska. Tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa ba 200 tana ɗauke da lita 2,400. Mutum mai natsuwa yana shaƙar kamar lita 20 a minti ɗaya a sama, wanda ya zama lita 60 a mita 20. Idan ya ruɗe numfashinsa ya ninka, lita 120 ke nan, wato tukunyar tana raguwa da ba 10 a kowane minti. Ba 50 ɗin da aka ce ka ajiye don fitowa, cikin minti biyar ya tafi.

Shi kuma kifin, da wuya a ce girman da ka gani shi ne girmansa. Ta cikin gilashin fuska komai yana ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku na girmansa, ya kuma yi kamar ya fi kusa. Waɗanda aka fi gani a jikin duwatsun murjani na Yanbu da Jidda su ne mai farin baki a fiffike, wanda yakan kwanta a ƙasa ko cikin kogo, tsawonsa bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, da mai baƙin baki a fiffike, da kuma mai ruwan toka. Duk ukun ƙarar kumfar da ke fita daga bakinka ma korarsu take yi. Mutane suna biyan kuɗi masu yawa su tsallaka Sanganeb da Sha'ab Rumi a gaɓar Sudan musamman don su ga garken shak mai kan guduma, kuma sau da yawa kifin ne ke guje musu.

Wanda ake yi wa taka-tsantsan na gaske shi ne na tsakiyar teku, mai dogayen fikafikai masu zagayayyen baki da fari-fari a ƙarshensu. Ba ya jin kunyar mutum, yana zuwa ya duba, kuma kusa da saman ruwa yake yawo. Yana cikin waɗanda aka danganta wa hare-haren Sharm el-Sheikh na Masar a Disamban 2010, inda wata Bajamushiya ta rasu. A lura da wani abu: waɗanda abin ya shafa a lokacin a saman ruwa suke iyo, haka ma Barashen da wani nau'in shak ya kashe a Hurghada a Yunin 2023. Saman ruwan da kake ƙoƙarin gudu zuwa gare shi, nan ne ka fi zama abin sha'awa, ƙafafu na reto, hannuwa na fantsama ruwa, ba ka ganin abin da ke ƙarƙashinka.

To idan ka sake ganinsa, ka tsaya cak, ka saki dogon numfashi tukuna. Ka miƙe tsaye a cikin ruwan maimakon kwanciya, ka naɗe hannuwanka a ƙirji, ka matsa kusa da abokin nutsonka. Idonka a kansa, duk inda ya juya ka juya, domin ta baya ko ta ƙasa yake son zuwa. In akwai bangon murjani kusa, ka ja da baya a hankali har ya zama a bayanka, ba tare da ka jingina da shi ba. In ka ga ya gantsare baya, ya sauke fikafikan gefe ƙasa, yana iyo yana karkaɗa jiki fiye da kima, gargaɗi yake yi cewa kun matse shi, sai ku ba shi hanya. In ya matso har inda hannu zai kai, ka sa wani abu tsakaninku, kyamara ko filafilin ƙafa. Duka a ido ko a matsatsin numfashinsa na gefen wuya sai in ya riga ya kama mutum. Fita kuma tare za ku yi, ba gaggawa, kada ku wuce mita 9 zuwa 10 a minti, kamar yadda agogon nutso zai nuna, ku hau jirgi ɗaya bayan ɗaya, na ƙasa suna kallon ruwa.

Masu harbin kifi da ke ɗaure abin da suka kama a ƙugu, da masu shiga ruwa inda masunta ke zubar da hanjin kifi, ko da almuru, su suke gayyatar abin da hannunsu.

Tambaya: Wani ƙaton kifi mai rawaya-rawaya da manyan haƙora ya bi ni a Abhur har ya ciji filafilin ƙafata sau biyu. Na yi sama don in rabu da shi, sai ya ƙara ƙaimi. Aljani ne ko kifi? (Wani direba daga Hindawiyya, Jidda)

Amsa: Malam, kifi ne, masu nutso suna kiransa taitan. Yana kai santimita 75, kuma haƙoran nan da su yake fasa murjani da ƙwanso, don haka huda rigar roba ba komai ba ne a wurinsa. A gaskiya shi ya fi shak yawan koro masu nutso a Bahar Maliya. Lokacin zafi yakan share rami a yashi ya zuba ƙwai, ya tsaya gadi. Filin da yake karewa siffarsa kamar mazurari ce: tsukakke a ƙasa wajen ramin, yana faɗi yana hawa. Da ka yi sama, cikin gidansa ka ƙara kutsawa. Mafita ita ce ka yi gefe, a zurfin da kake, ka kwanta rigingine kana iyo da baya, filafilanka suna tsakaninka da shi, idonka a kansa. Ya ciji roba ya fi ya ciji kunne. Da ka fita iyakarsa zai koma. Alamarsa kafin ya taso: ya miƙar da ƙayar gadon bayansa, ya kifa gefe yana kallonka da ido ɗaya. In ya samu fata, a wanke raunin sosai da ruwa mai tsabta da sabulu, a kai wa likita, saboda cizon kifin teku yana saurin ruruwa.

Tambaya: Ɗana yana wannan nutson, hankalina bai kwanta ba. Kuma mukan je bakin teku da jikoki su yi wasa a ruwa mara zurfi. An ce akwai kifi kamar dutse wanda in an taka shi ke nan. Gaskiya ne? Me ake yi kafin a kai asibiti? (Wata Hajiya daga Shari'a Mansur, Makka)

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, ya raya zuri'a. Kifin dutse akwai shi a Bahar Maliya, kuma jikokinku da ke tafiya a ruwa iya gwiwa sun fi ɗanku kusa da shi, domin mai nutso da ya ƙware ba ya taka ƙasa. Kifin ba ya bin kowa. Kwanciya yake yi tsakanin duwatsu ko ya binne rabin jikinsa a yashi, jikinsa duk gansakuka, ko an nuna wa mutum shi da yatsa sai ya daɗe bai gane ba. A gadon bayansa akwai ƙayoyi 13, kowace da jakar dafi a gindinta. Nauyin ƙafar mutum ne ke matse jakar dafin ya shiga. Zafinsa yana da tsanani ƙwarai, ƙafa ta kumbura nan take, wani har ya suma. Mutuwa tana iya faruwa amma ba ta da yawa, musamman in an yi abin da ya kamata da wuri.

Maganin farko ruwan zafi ne. A fito da mutum daga teku, a zaunar da shi, a cire zobe ko munduwa ko takalmi kafin kumburi ya riƙe su. A ɗauraye wurin, in akwai guntun ƙaya a fili a zare shi da hantsaki. Sai a tsoma ƙafar cikin ruwa mai zafin digiri 40 zuwa 45, na tsawon minti 30 zuwa 90. Ba ma'auni a hannu? Kofi ɗaya na tafasasshen ruwa daga fulas ɗin shayi a kan kofi huɗu na ruwan da ba a ɗora a wuta ba yana kaiwa kusan haka. Amma mai taimako ya fara sa nasa hannun ya ji, ya zama zafin da za a iya jurewa ba tare da ƙuna ba. Kada a bar wa mai raunin wannan hukunci, domin azabar dafin tana hana shi gane cewa ruwan na dafa masa fata, kuma yara sun fi saurin ƙonewa. Ruwa ya huce, a ƙara mai zafi. Ana yin haka ana tafiya asibiti, ba wai a zauna a jira ba: ƙafa cikin bokiti, bokiti cikin mota. Akwai allurar karya dafin kifin dutse, a Ostareliya ake yin ta, likita ne zai duba ko ana buƙata. Zai kuma duba ko ƙaya ta karye a ciki, ya yi allurar tetanus.

Abin da ba a yi, ko da wani dattijo a wurin ya nace: ba a tsaga wurin da reza, ba a tsotsa, ba a ɗaure ƙafa tamau da igiya, ba a yin lalas da ƙarfe mai zafi. Ɗaurin yana tara dafin wuri ɗaya ya kashe nama, tsagar kuma ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta.

Wannan ruwan zafin shi ne dai maganin farko ga sukan kifin nan mai baza ƙayoyi kamar gashin tsuntsu, mai ratsin ja da fari, wanda Larabawa ke ce wa kazar teku, da sukan bushiyar teku mai dogayen baƙaƙen ƙayoyi, da kuma na kifin faifai mai ɗigon shuɗi da ke da mashi a wutsiya. Na ƙarshen nan yana da ƙa'ida ɗaya ta daban. In mashin ya shiga ƙirji ko ciki ko wuya, kada a zare shi, a tallafe shi da tsumma a bar shi yadda yake sai ɗakin tiyata. Irin wannan sukan a ƙirji ne ya yi ajalin Steve Irwin, mai shirye-shiryen namun daji na Ostareliya, a 2006.

Su jikoki, a saya musu takalman ruwa masu kaurin tafi. Silifa ba ta hana komai, kuma ko takalmin ma ragewa yake yi. A koya musu jan ƙafa a yashi maimakon ɗagawa da takawa, don kifin faifai ya ji motsi ya tashi. Kada su hau kan duwatsun cikin ruwa. Lambar motar asibiti ta hukumar agaji ta Hilal Ahmar 997 ce, a yankin Makka kuma 911 tana aiki.

Tambaya: Wani abu mai kama da maciji ya leƙo daga rami yana buɗe mini baki yana rufewa. Shirin sara yake yi? (Wani ɗalibi daga Yanbu)

Amsa: Numfashi yake yi. Ba maciji ba ne, wani dogon kifi ne da ake kira shaga, kuma da buɗe bakin yake tura ruwa ta maƙogwaronsa. Babbansa yana kusan mita uku, amma idonsa ba shi da ƙarfi, da hanci yake farauta. Kusan duk wanda ya ciza, ko hannu ya zura a rami, ko abinci yake ba shi. Haƙoransa baya suka karkata, saboda haka fizge hannu shi ke yaga nama har jijiya. In ya kama, a daure a tsaya, yawanci yana saki da kansa. Bayan an fito a danne raunin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, a wanke, a tafi asibiti ko da ramukan haƙoran ƙanana ne.

Tunda ana maganar masu haƙora: agam, dogon kifin nan mai sheƙi da ke tsayawa yana kallon mutum, ƙyalli ne ke jan sa. Agogon ƙarfe da zoben azurfa a bar su a jirgi.

Tambaya: Ni a Jubail nake aiki. Abokaina na Jidda sun ce babu macijin teku a Saudiyya, amma ni na gani da idona. Wa ke da gaskiya? (Wani ma'aikaci daga Jubail)

Amsa: Ku duka biyu. Bahar Maliya ba a san ta da macizan teku ba. Abin da mutanen Jidda ke gani mai zobe-zoben baƙi da fari yana rarrafe a yashi kifi ne dangin shaga, wutsiyarsa mai tsini, kuma ba ya hawa sama shan iska. Tekun gabas kuwa, wajen Jubail da Dammam, akwai macizai na gaske nau'i-nau'i. Ana gane su da wutsiya mai faɗi wadda suke tuƙa ruwa da ita, da kuma hawa saman ruwa lokaci-lokaci don numfashi. Dafinsu mai ƙarfi ne sosai, sai dai ba su da faɗa. Wani yakan zo ya zagaya ƙafar mai nutso ya wuce. A tsaya shiru, kada a kai masa hannu, kada a tare masa hanyar sama. Masunta masu ciro su daga koma su ne suka fi shan sara.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne saran ba ya cika zafi, wani lokaci ko kumburi babu. Bayan wasu sa'o'i sai ciwon tsoka, fatar ido ta riƙa saukowa, haɗiya ta yi wuya, fitsari ya yi duhu. A nan ruwan zafi ba shi da amfani. A naɗe gaɓar gaba ɗaya da bandeji mai talewa, daga yatsu zuwa sama, da ƙarfin da ake naɗe targaɗe, a ɗaura mata katako don kada ta motsa, a ɗauki mutum a kai shi asibiti ba tare da ya taka da ƙafarsa ba. Haka ake yi wa wanda dodon koɗi mai tsini ya harba, wato kyakkyawan ƙwanson nan mai zane da mutane ke tsinta su jefa a aljihu. Shi kam yana nan a tekun biyu, ba shi da allurar karya dafi, kuma yana iya tsayar da numfashi, don haka a shirya hura wa mutum iska baki da baki har a isa.

Tambaya: Na goga hannu a wani murjani mai ruwan ƙasa-ƙasa da farin baki, ya yi mini ƙuna kamar wuta. Wani ya ce in yi fitsari a wurin. (Wani matashi daga Sabil, Jidda)

Amsa: Kada ka yi, ga najasa ga rashin amfani. Murjanin wuta ka taɓa. Ƙananan allurai ne ya bari a fatarka, da yawansu ba su fashe ba tukuna, kuma ruwan daɗi ko gogawa da tawul shi ke fasa su. A ɗauraye da ruwan teku, a kwarara khal na girki, wato binigar, kamar daƙiƙa 30, a cire abin da ya manne da hantsaki. Ƙaiƙayin yana iya lafawa ya dawo bayan kwanaki. In fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, wannan ya wuce maganin bakin teku. Doguwar rigar roba ko da siririya ce tana kare yawancin wannan, amma asalin matsalar ita ce rashin daidaita iskar da mai nutso ke hura wa rigarsa da dalmar da yake ɗaurawa a ƙugu, har mutum ya riƙa neman abin dafawa.

Tambaya: Ƙanena ya firgita da wani kifi ya fito da gudu daga kusan mita 20. Ya ce lafiyarsa ƙalau, washegari da safe ma za mu hau Ɗa'if. Da yamma kafaɗarsa ta fara ciwo, yatsunsa na masa tsiyayi. Mun fasa tafiyar, mun kai shi asibiti. Wasu sun ce mun cika tsoro. (Wani magidanci daga Misfala, Makka)

Amsa: Alhaji, daidai kuka yi, sai dai da tun a jirgi aka fara. Fitowa da gudu tana jawo abu biyu. Na farko yagewar huhu da muka bayyana a sama, wadda alamunta ke zuwa cikin kamar minti 10 da fitowa: ciwon ƙirji, tari da jini, ruɗewa, shanyewar ɓarin jiki, suma. Na biyu iskar naitirojin da ta narke a jini lokacin da ake ƙasa, wadda ke tashi ta zama kumfa in ba a ba ta lokacin fita a hankali ba. Ita takan jinkirta, sa'a ɗaya, sa'a shida, har kwana guda: ciwon gaɓa mai zurfi wanda ba ya canzawa ko an motsa, tsiyayi ko mutuwar fata, gajiya ta fitar hankali, jiri, riƙewar fitsari. Abin da ƙanenku ya ji ke nan.

Da an ga ɗaya daga cikin waɗannan, a kwantar da mutum a miƙe, a sa masa oksijin zalla daga tukunyar agajin jirgi, a ci gaba da ba shi ko ya ce ya ji sauƙi. In yana cikin hayyacinsa ya sha ruwa kaɗan-kaɗan. Ba wanka da ruwan zafi, ba tausa, kuma kada a mayar da shi cikin teku wai don kumfar ta narke. Daga kan ruwa ana kiran masu tsaron iyaka, Haras al-Hudud, a 994. A tafi da agogon nutsonsa asibiti, domin shi zai nuna wa likita zurfi da minti da saurin fitowar, a kuma faɗa tun a ƙofa cewa nutso ya yi, don a nemi inda ke da ɗakin matsin iska, wanda a cikinsa ake jinyar irin wannan ciwon. Kafin ku biya kuɗin kowane jirgin nutso, ku ce a nuna muku tukunyar oksijin ɗin, ku ga allurar ma'auninta.

Maganar Ɗa'if kuwa, ko wanda ya fito lafiya lau bai kamata ya hau ta nan da nan ba. Garin yana kusan mita 1,800 sama da teku, Abha ta wuce 2,200, kuma hawan dutsen Hada, da ke kan hanyar Makka zuwa Ɗa'if, da mota daidai yake da shiga jirgin sama a wajen jikin mai nutso. Ƙa'idar ita ce a jira aƙalla sa'a 12 bayan nutso ɗaya, sa'a 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere. Wanda ya riga ya nuna alama irin ta ƙanenku, ba dutse ba jirgi ba komawa ruwa sai likitan da ya duba shi ya sa masa rana.